Ƙanwar Matata Ta Ƙi Sa Mini Hannu

Gwaggo, don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Litinin. Ranar ce shugaban makaranta ya ce in kawo masa amsa, ni kuwa amsa biyu gare ni, kowacce na juya ta sai in ga ba ta yi ba. Kada ki sa sunana. Waɗanda suka san ni za su gane ni tun a layi na uku, amma dai a bar su su ɗan wahala.

Shekarata arba'in da uku. Goma sha tara daga ciki a kan keken ɗinki na yi su, kuma ba yabon kai ba, idan na yanka wuyan riga ba a dawo mini da ita. Bayana ne ya ƙi. Likita ya dubi hoton ƙashina, ya dube ni, ya ce ko in bar keke ko keke ya bar ni a kwance. Na rufe shagon gaba ɗaya, don babu wanda zan bar wa, na zaro takardar sakandarena daga ƙasan akwati, na shiga kwalejin horon malamai. Shekara uku ina zama a layin gaba da tabarau, yara suna ce mini Baba, suna aron birona ba sa dawowa da shi. Duk wata jarrabawa ta takarda na ci. Abin da ya rage shi ne zangon gwaji, wato a tura ka makaranta ka koyar da yara na gaske, wani gogaggen malami yana zaune a bayan aji yana duba ka.

Ga yadda abin yake. Mutum biyu-biyu ake turawa, su riƙe aji ɗaya tare, su tsara darasi tare, kowa ya riƙa kallon darasin ɗan'uwansa yana rubuta abin da ya gani. Sannan akwai wani fom mai ma'auni goma na abin da ake so malami ya iya: sanin darasi, tsara shi, riƙe aji, aiki da abokan aiki, da sauransu. Gaban kowane ma'auni akwai gida uku, "ya kai", "ya kusa", da "bai kai ba". Malamin da ke duba ka zai shigo ajinka sau uku. Idan a na ukun aka samu "bai kai ba" ko guda ɗaya, ba za a sa maka hannu ba, sai ka dawo baɗi ka sake zangon daga farko. An duba ni sau biyu. Sau biyun nan ina da "bai kai ba" a ma'auni na bakwai. Na uku saura mako biyu.

Yanzu ki tambaye ni wa ke duba ni. Ƙanwar matata ce, autarsu, wadda duk gida muke ce wa Auta. Ni na ɗinka mata rigar makarantarta ta farko, na ma ƙara mata tsawo don ta yi shekara biyu. Lokacin da nake neman yayarta, ita ce ke leƙowa ta ce wai ba ta nan alhali ina jin muryarta. Yau shekararta tara tana koyarwa, kuma da aka raba mu, sai sunana ya faɗo hannunta. Ranar na yi murna, wallahi har na sayi lemo na kai gida. Na ce Allah ya dubi tsufana.

Abokin haɗina wani yaro ne ɗan shekara ashirin da biyu, Dogo ake ce masa. Yana da kirki, sai dai idan ya ja layi a kwali sai ka rantse a cikin mota mai gudu ya ja shi. Saboda haka duk wani zane da jadawalin da aka ce mu yi tare, ni nake karɓa in yi, shi ya riƙe mini gefen kwalin. Tun makon farko muka yi yarjejeniya irin ta mutanen kirki: fom ɗin da zan cike masa in jera masa "ya kai" daga sama har ƙasa, shi ma ya yi mini haka. Kowa yana yi. Ni na cika alkawari.

Aji huɗu aka ba mu, yara arba'in da shida, taga biyu, fanka ɗaya da ke juyawa idan ta ga dama. Ranar dubawa ta farko na koyar da ɗebewa mai aro. Tsarin darasina ko a bango aka manna shi ba zai ba da kunya ba. Na kawo lissafi goma, na fito da yara allo ɗaya bayan ɗaya, muka gama goman saura minti biyu a buga ƙararrawa. Allo ya cika da amsa, babu kuskure ko ɗaya. Auta tana zaune a kujerar yara can baya, gwiwarta ta kusa taɓa haɓarta, tana ta 'yan zane-zane a littafi. Na ɗauka maki take tara mini.

Da muka shiga ɗakin malamai lokacin tara, ana shan shayi, mutum ya kai takwas, sai ta buɗe littafin nan. Ta kira ni Yaya, ba Malam ba, tana dariya, ta ce ta ƙirga, sau goma sha ɗaya na karɓe alli daga hannun yara. Wai lissafi goma ne amma karɓa goma sha ɗaya, domin akwai yaron da na mayar wa allin sannan na sake ƙwacewa. Ta ce duk amsar da ke allo rubutuna ce, yaran rakiya kawai suka yi mini. Ɗaki ya kwashe da dariya. Wata malama har shayi ya sarƙe ta. Ni ma na yi dariyar, don ban ga wata ƙofa ba.

Ma'auni na bakwai cewa ya yi malami ya bai wa ɗalibi damar gwadawa, ya yi kuskure, ya gyara da kansa. Gwaggo, ni ban taso a haka ba. A sana'armu idan ka ga hannun mutum ya karkace da almakashi ba ka tsayawa kallo, kamawa kake yi, don yadin mutane ne, idan ya yanku ya yanku. Mutum bakwai suka zauna koyon aiki a shagona, kuma ina alfahari ba wanda ya taɓa ɓata wa mai kaya ko taƙi ɗaya, domin yanka ni nake yi, su kuma maɓalli da kalmasa da guga. To yanzu a ce in ga yaro yana rubuta tara inda ya kamata ya rubuta huɗu, yara arba'in da biyar suna kallo suna kwafa, in naɗe hannu? Wannan a wace ƙasa ake kiransa koyarwa?

Duk da haka na yi ƙoƙari. Kafin dubawa ta biyu na yi ta gwada tsayuwa da hannu a baya. Ranar na saka hannuwana biyu a aljihu, na damƙe mukullin gida da ɗaya, hankici da ɗaya. Ban san lokacin da suka fito ba. Bakwai ta ƙirga. Na ce mata ai an samu ci gaba, ta ce ƙwarai, shi ya sa ta rubuta a gefe cewa an samu ci gaba, amma gidan da ta sa alama bai motsa ba. Wannan karon a ajin ta faɗa mini, mu biyu. Ta kuma rage mini ma'aunin aiki da abokan aiki zuwa "ya kusa", wai aikin da ake yi tare ni kaɗai nake yin sa. Ki ji fa. Mutum ya ɗauke wa ɗan'uwansa wahala, a rubuta masa laifi.

Sai kuma Dogo ya yi mini ta'asa. Auta ta kira shi ta tambaye shi ko abin da ya cike a fom ɗina shi ya gani da idonsa. Yaron nan ko gardama bai iya ba. Ya karɓi sabon fom ya rubuta cewa ina saurin karɓar alli, kuma idan na yi tambaya ina amsa ta da kaina kafin yara su gama ɗaga hannu. Ya zo yana ba ni haƙuri yana murza hula, wai ba zai iya kallon idonta ya yi ƙarya ba. Ni da na jera masa "ya kai" guda goma, alhali idan yana koyarwa na layi na uku ma ba sa jin muryarsa, kuma bai taɓa gama darasi kafin ƙararrawa ba. Kwana huɗu ban yi masa magana ba sai ta aiki.

Akwai wani abu da ya faru makon jiya, ban san ko yana da amfani ba, amma bari in faɗa tunda na fara. Akwai wata yarinya mai zama kusa da taga ta biyu, ita ce ta farko da na karɓe wa alli ranar dubawar farko. Tun ranar ba ta ƙara ɗaga hannu a darasina ba, na ɗauka ko ba ta da lafiya. To ranar Laraba Dogo ne ke koyarwa, ni ina baya ina cike rajista, sai ya fito da ita, ya ba ta ɗari huɗu da biyu a ɗebe ɗari da sittin da takwas. Ta tsaya. Ta rubuta, ta goge da hannu. Ta sake rubutawa, ta sake gogewa. Shi kuma gogan ya jingina da ƙofa, abin da ya ce kawai shi ne ta dubi sifilin nan, me za ta iya arowa a wurinsa. Na duba agogo, Gwaggo, minti huɗu cur. Na miƙe sau biyu na zauna. Daga ƙarshe ta samo ɗari biyu da talatin da huɗu, ta juyo tana haki kamar wadda ta yi gudu, yara suka tafa. Lissafi uku kacal suka yi ranar. Ni a minti huɗun nan da na gama biyu.

A gida kuma abin ya zama wani iri. Na gaya wa maiɗakina ta yi wa ƙanwarta magana, ta tuna mata waye ni. Ta ce ita ba ta shiga tsakanin malamai, ta ci gaba da tankaɗe. Da na matsa, ta kira ta a waya a gabana, suka yi minti ashirin suna maganar labule, ba a ko ambace ni ba. Auta ta zo gidan ranar Asabar kamar kullum, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ci abinci, ta ɗauki ƙaramar 'yarmu ta goya. Da na ɗauko zancen fom, sai ta ce a gida ni yayanta ne, duk abin da na aike ta za ta je, amma hannun da za ta sa a takardar nan ba nata ba ne ita kaɗai, na yaran da zan koyar ne. Na ce mata wannan magana a littafi ta karanto ta. Ta ce eh, shafi na biyu.

To ga inda nake. Na je wurin shugaban makaranta na ce ban ga dacewar 'yar'uwa ta duba ɗan'uwa ba. Ya ce gaskiya ne, da ma kuskuren ofis ne, kuma idan ina so zai mayar da ni hannun wani dattijon malami da yara ke kira Malam Ba-komai. Sunan ya bi shi ne don komai ka kai masa, ba komai. Waɗanda ya duba bara sun ce yana shigowa ya zauna, ya cire takalmi ɗaya, ya lumshe ido, ƙararrawa ta tashe shi ya sa hannu. Idan na koma wurinsa, takardata ta fito an gama. Idan na zauna hannun Auta, ban san abin da hannuwana za su yi ranar ba, kuma shekara guda a shekaruna ba wasa ba ce. 'Ya'yana huɗu sun riga sun gaya wa duk unguwa babansu ya zama malami.

Tsorona biyu ne. Ina tsoron faɗuwa, ina kuma tsoron in koma wurin dattijon Auta ta ci gaba da durƙusawa tana gaishe ni har ƙarshen rayuwata alhali ta san abin da na yi. Shin ba ni da gaskiya in nemi canji? Ko dai yarinyar nan tana huce haushin wani abu ne da ban sani ba? Ki faɗa mini gaskiya, amma a hankali, don na sha ta da yawa kwanan nan.

Naki,
Tsohon tela, sabon malami

*

Malam, na kira ka Malam tun yanzu don ka fara sabawa. Sannu da ƙoƙari. Mutumin da ya rufe shago yana da shekara arba'in ya koma benci cikin sa'o'in 'ya'yansa ba rago ba ne, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa bai goge wannan ba.

Bari in fara da inda kake da gaskiya, don akwai. Ba daidai ba ne a haɗa mutum da ƙanwar matarsa a matsayin mai duba shi. Da ta jera maka "ya kai" guda goma, da yanzu ɗakin malamai yana cewa ta yi son kai. Da ta hana ka, ga shi kai kana cewa haushi take hucewa. Ta ko'ina an saka ta a tsaka mai wuya, kai ma haka. Sannan abin da ta yi ranar farko kuskure ne. Ba a karanta wa mai koyon aiki laifinsa a gaban mutum takwas masu shan shayi, ko da abokin wasa ne, balle da sunan gida. Wasan gida ya biyo ta makaranta, ta kuma zubar maka da girma. Ina jin ta gane da kanta, tunda karo na biyu ta tsayar da kai ku biyu. Duk da haka ka faɗa mata ya yi maka zafi, sau ɗaya, a makaranta, ba a gaban yayarta ba.

Amma haushi? A'a. Mai huce haushi ba ta zama a kujerar yara minti arba'in tana ƙirga hannunka, ba ta kuma rubuta maka ci gaba a gefe. Cewa kawai za ta yi darasin bai gamsar ba, ta bar ka kana lalube. Ita lamba ta ba ka, goma sha ɗaya, sannan bakwai, kuma a duk tsawon wasiƙarka ban ga inda ka ce ƙirgar ba daidai ba ce.

Yanzu ka yi haƙuri, a hankalin da ka roƙa ya ƙare a nan. Ka rubuta mini abu biyu a wurare daban-daban, ban sani ba ko ka taɓa ajiye su kusa da juna. Ka ce mutum bakwai sun koyi aiki a hannunka ba wanda ya taɓa ɓata yadi. Ka kuma ce da bayanka ya ƙi, ka rufe shago don babu wanda za ka bar wa. Mutum bakwai, Malam, shekara goma sha tara, ba ko ɗaya da ya iya yanka. Ba ina tsokanarka ba ne, na san yadin mutane amana ne, kuma ka riƙe ta. Amma abin da ma'auni na bakwai yake tambaya ke nan, kuma shagonka ya riga ya ba da amsa tun kafin a buga fom ɗin. Allo ba yadi ba ne. Idan yaro ya rubuta tara a wurin huɗu, tsumma ɗaya ya isa. Yaran da kake tsoron za su kwafi kuskure kuwa, sun fi ƙaruwa idan suka ga an yi shi an gano shi an gyara, don irinsa ne ke jiran kowannensu a littafinsa inda hannunka ba ya kaiwa.

Labarin ranar Laraba da ka ce ba ka san ko yana da amfani ba, shi ne mafi amfani a wasiƙar. Yarinyar lafiyarta ƙalau. Ta fito gaban aji, babba ya karɓe abin da ke hannunta, ta fahimci cewa ba ta iya ba, ta daina ɗaga hannu. Minti huɗun da kake jin haushinsu su suka dawo da ita. Kai ka ƙirga lissafi uku, ni na ƙirga yarinya ɗaya da yanzu ta san abin da ake yi da sifili idan za a yi aro, kuma ba za ta manta ba. A ranarka ta lissafi goma, tsakaninka da Allah, yara nawa ka tabbata sun koma gida da shi?

Game da Dogo, shi ya kamata ya yi fushi. An haɗa ku ne don kowa ya zama idon ɗan'uwansa a bayan aji. Ka san muryarsa ba ta wuce layi na biyu, ka san lokaci yana kufce masa, ka ɓoye masa ka rubuta "ya kai". Ranar da za a duba shi zai shiga da cutar da kai ka gani ka yi shiru. Ka karɓi sabon fom ka cike masa gaskiya, ka zauna da shi ka nuna masa yadda kake raba minti arba'in, tunda a nan ka fi shi nesa ba kusa ba. Shi kuma ya koya maka jingina da ƙofa. Kwalin nan ma ka bar shi ya ja layinsa, ba a taɓa jin yaro ya faɗi jarrabawa don jadawali ya karkace ba.

To me za ka ce wa shugaban makaranta ranar Litinin? Kada ka karɓi canjin. Ka roƙe shi abu na uku da bai sa maka a tebur ba: ranar dubawar ƙarshe a kawo mutum na biyu, daga kwalejinku ko wani malami da idonsa ke buɗe, ya zauna tare da Auta, kowa ya cike nasa fom. Wannan ya kare ka daga zargin da kake yi mata, ya kare ta daga zargin da za a yi mata idan ka ci. Yawanci ba a ƙin irin wannan roƙo, don yana sauƙaƙa wa kowa.

Mako biyu kuma ba kaɗan ba ne idan ka daina yaƙi da hannunka da ƙarfin zuciya kawai. Ka gwada aljihu ka ga bai yi ba. Matsalar kusanci ce, to ka yi nisa. Da zarar ka miƙa wa yaro alli, ka taka har bangon baya ka tsaya, inda sai ka ratsa layi shida kafin ka kai gare shi. Kafin ka iso kunya ta kama ka. Ka rage lissafin zuwa huɗu, ka rubuta lokacin jira a cikin tsarin darasin nan naka mai kyau, minti uku ga kowane yaro, don ka riƙa ganinsa a matsayin aiki. Ka tanadi tambaya biyu ko uku da za ka jefa daga baya idan yaro ya maƙale: daga ina ka fara, me ya hana ka ci gaba, wa zai ba shi shawara ba tare da faɗin amsa ba. Kullum Dogo ya zauna da takarda ya ƙirga maka, kamar yadda Auta ta yi, ku duba lambar tare bayan an tashi. Ita ma ka roƙe ta ta bar ka ka kalli darasinta sau biyu, ka ga abin da take yi da hannuwanta. Wannan aikinta ne, kuma ina kyautata zaton tun tuni take jiran ka tambaya. Yarinyar taga kuwa, ka fito da ita cikin makon nan, ba ranar dubawa ba, ka gaya mata allin nata ne har ta gama.

Maiɗakinka ka ƙyale ta. Ta fi ku duka wayo, kuma minti ashirin ɗin labulen nan amsa ce ta ba ka.

Ba zan yi maka alkawarin za ka ci ba. Hali na shekara goma sha tara ba lalle ya saki mutum a kwana goma sha huɗu ba, kuma idan ya ƙi, shekara guda za ta yi ciwo, 'ya'yanka za su sha tambaya a unguwa, kai ma za ka sha. Amma shekara tana ƙarewa. Idan ka bi ta wurin dattijo, takardar za ta fito da sunanka, a ba ka aji naka, ka rufe ƙofa, kuma daga ranar babu wanda zai sake zama a baya ya ƙirga maka komai. Yara arba'in da wani abu duk shekara, har ka yi ritaya, za su riƙa fitowa allo suna komawa hannu wofi, ba su san abin da aka hana su ba, ba kuwa wanda zai faɗa maka. Wannan mako biyun ne kaɗai a duk aikinka da kake da mutum biyu da suka damu har suke gaya maka abin da ba ka son ji. Kada ka gudu daga gare su.

Allah ya ba ka sa'a ranar, ya ƙara wa bayan nan lafiya, ya sa yaran da za su bi ta hannunka su fi ka iyawa.

Gwaggonku